Hans Egede: Faston da Ya Kai Bishara Ƙasar Ƙanƙara

Can a ƙuryar arewacin duniya, tsakanin Kanada da Turai, akwai wani tsibiri da ake kira Girinlan. Shi ne tsibiri mafi girma a duniya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita miliyan 2, wato ya fi Nijeriya sau biyu. Amma mutanen da ke zaune a cikinsa ba su wuce dubu 57 ba, ba su kai jama'ar wasu unguwannin Maiduguri ba. Dalili kuwa shi ne kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar ƙanƙara ce ta rufe shi, a wasu wurare kaurinta ya kai kilomita 3. Mutane sun raɓe ne a bakin teku, galibi ta yamma, inda duwatsu suka fito fili. Har yau babu hanyar mota da ta haɗa wani gari da wani. Mai son ziyartar ɗan'uwansa sai ya shiga jirgin ruwa ko na sama.

A wannan fitowar za mu duba rayuwar mutumin da ya kai Bishara wannan ƙasa shekara 300 da suka wuce. Ya yi shekara 15 yana wahala a can, ya koma gida da gawar matarsa, yana ganin kamar bai yi kome ba. Labarinsa yana da abin yabo, yana kuma da abin kunya, kuma dukansu biyu za su amfane mu.

Haihuwarsa da kiransa

An haifi Hans Egede ranar 31 ga Janairu 1686 a Harstad, can arewacin ƙasar Nowe. A lokacin Nowe da Danmak sarki ɗaya ke mulkinsu daga birnin Kofanhagan. Ƙasar haihuwarsa ƙasar masunta ce, inda rana takan ɓace makonni da dama a tsakiyar lokacin sanyi, ta kuma ƙi faɗuwa a tsakiyar lokacin ɗumi. Ya yi karatun tauhidi a jami'ar Kofanhagan, kuma a 1707, yana ɗan shekara 21, aka naɗa shi fasto na ikilisiyar Lutheran a Vågan, cikin tsibiran Lofoten. A wannan shekarar ce ya auri Gertrud Rask, wadda ta girme shi da shekara 13. Allah ya ba su 'ya'ya huɗu, maza biyu, Poul da Niels, da mata biyu.

A can Lofoten ne wani tsohon labari ya kama zuciyarsa. Wajen shekara ta 985 wasu mutanen arewacin Turai, ƙarƙashin wani jarumi mai suna Erik Ja, suka tashi daga Aisilan suka kafa ƙauyuka a kudancin Girinlan. Suka karɓi bangaskiyar Kirista, suka gina majami'u da dutse, har suka sami bishop nasu. Sa'an nan a hankali jiragen ruwa suka daina zuwa. Labari na ƙarshe da aka rubuta game da su shi ne na wani ɗaurin aure a majami'ar Hvalsey a 1408. Daga nan shiru, har shekara 300.

Egede ya kasa barci a kan wannan. Yana tunanin cewa jikokin mutanen nan suna nan da rai, 'yan'uwansa ne na jini da harshe, an bar su ba makiyayi, wataƙila ma sun manta da sunan Almasihu. Ya rubuta wa bishop na Bergen da na Trondheim, ya nemi a kai maganar gaban sarki. Amma Danmak tana cikin dogon yaƙi da Suwidin, ba wanda ke da kuɗi ko jirgi don irin wannan tafiya. A gida ma bai sami goyon baya ba da fari. Dangi sun ɗauke shi mai taɓin hankali, Gertrud kuma ta ƙi yarda a kai 'ya'yanta ƙasar da ba wanda ya san halinta. Bayan addu'a mai tsawo ta canja ra'ayi, kuma daga ranar ba ta ƙara waiwaya ba. A 1718 Egede ya ajiye aikinsa, ya kwashe iyalinsa zuwa Bergen, ya shiga bin 'yan kasuwa gida gida yana roƙonsu su zuba jari. Da yaƙi ya zo ƙarshe, Sarki Frederik na Huɗu ya amince, aka kafa kamfanin ciniki na Bergen wanda zai ɗauki nauyin tafiyar, da begen samun riba daga fatu da man manyan dabbobin teku.

Mu lura da wannan tun daga farko: Bishara ta shiga Girinlan a jirgi ɗaya da ciniki da tutar sarki. Wannan haɗin ya taimaki Egede, ya kuma zame masa ƙaya har ƙarshen aikinsa.

Mutanen da ya tarar

A watan Mayu 1721 suka tashi daga Bergen a jirgin da sunansa ke nufin Bege, tare da mutane wajen 40. Ranar 3 ga Yuli suka sauka a wani ɗan tsibiri a gaɓar yamma, suka sa masa suna Tsibirin Bege, suka gina ɗaki da dutse da ƙasa kafin sanyi ya kama.

'Yan'uwan da ya zo nema babu su. A 1723 ya yi doguwar tafiya zuwa kudu cikin ƙaramin jirgi, abin da ya gani kufai ne kawai, har da bangon majami'ar Hvalsey tsaye ba jinka. Mutanen da ke ƙasar wata al'umma ce dabam, wato Inuit, waɗanda kakanninsu suka shigo daga arewacin Kanada. Ba sa noma, domin ƙasar ba ta fid da hatsi. Rayuwarsu ta dogara ne ga wata dabbar teku mai kitse, mai kama da ayun da ake samu a kogin Binuwai. Namanta ne abinci, fatarta ce tufafi da takalmi da tanti, kitsenta ne man fitila da na girki. Maza suna farautarta a kwalekwalen fata mai cin mutum ɗaya. Ba su da sarki, ba su da soja, ba su da kurkuku. Idan farauta ta yi kyau, kowa a ƙauye yakan sami rabo. Suna kuma da bokaye, waɗanda ake kira angakkut, masu shiga tsakanin mutane da iskoki idan ciwo ya zo ko dabba ta yi wuya.

Wani mutum da ya ga haka sai ya ce kiran ya ƙare, tun da waɗanda ya zo dominsu sun shuɗe. Egede bai ce haka ba. Ya gane cewa tumakin da Ubangiji ya aiko shi wurinsu ba su ne waɗanda ya zaɓa wa kansa ba. A shekara ta biyu jirgin abinci ya yi jinkiri, ma'aikatan kamfani suka ɗaure kaya za su koma, shi kansa ya fara karaya. Gertrud ce ta ƙi ɗaure nata kayan. Kafin su tashi jirgin ya iso.

Yaƙi da harshe

Babban dutsen da ya tare masa hanya shi ne harshe. Harshen Inuit bai yi kama da wani harshen Turai ba. Kalma ɗaya takan yi tsawo ta ɗauki abin da mu za mu faɗa da jimla guda. Ba a taɓa rubuta shi ba, ba malami, ba ƙamus. Egede yakan shiga ɗakunansu na sanyi ya kwana tare da su, cikin hayaƙin fitila da ƙaurin kitse, yana nuna abu yana tambayar sunansa yana rubutawa. Ga kuma wata wahalar: yaya za a yi maganar gurasa ga wanda bai taɓa ganin hatsi ba? Yaya za a bayyana makiyayi da ɗan rago, ko kuringar inabi, ko sarki da mulkinsa, ga mutanen da ba su san ko ɗaya daga cikinsu ba? Waɗanda suka yi aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Bura ko Margi ko Kanuri sun san irin wannan gumi.

Egede bai taɓa ƙwarewa a harshen sosai ba. Waɗanda suka ƙware su ne 'ya'yansa. Poul da Niels sun tashi suna wasa da yaran Inuit, suna shiga kwalekwale tare da su, harshen ya zauna a bakinsu kamar nasu. Su suka zama bakin mahaifinsu, Poul kuma yakan zana hotunan labaran Littafi Mai Tsarki don a nuna wa jama'a. A 1724 aka yi wa yara na farko baftisma. Manya kuwa sukan saurara, su yi dariya ko su gyaɗa kai, su koma ga al'adarsu.

Inda ya yi kuskure

A nan dole mu faɗi abin da tarihi bai ɓoye ba. Egede mutum ne mai zafin rai, ɗan zamaninsa, wanda ya saba da fasto mai iko da bulala. Ya ɗauki Inuit kamar yara marasa wayo da sai an tsorata su. Ya yi wa bokaye ba'a a gaban jama'a, ya kai ga dukan wasunsu, ya kuma yi wa mutane barazana da sojojin sarki. Abin da wannan ya haifar shi ne tsoro da ladabin ido, ba tuba ba. Mutum yakan amsa a gabansa, ya tafi da zuciyarsa yadda take.

Ikon da ya jingina da shi ma bai daɗe ba. Kamfanin Bergen ya karye a 1727. A 1728 sarki ya aiko da gwamna, Manjo Claus Paarss, tare da sojoji da fursunoni maza da mata da aka ɗaura musu aure don su cika ƙasar. Aka tashi daga Tsibirin Bege zuwa babbar gaɓa, aka kafa gari mai suna Godthåb, wato Kyakkyawan Bege. Shi ne Nuuk na yau, babban birnin ƙasar. A sanyin farko ciwon da rashin ganye da 'ya'yan itace ke kawowa ya kashe da yawa daga cikin baƙin, shaye-shaye da faɗan da suka yi kuma suka zubar da mutuncin sunan Kirista a idon Inuit. Sarki Frederik ya rasu a 1730, magajinsa Kirista na Shida ya ba da umarni a 1731 a kwashe kowa. An bar wa Egede zaɓi. Ya zauna, shi da iyalinsa da 'yan ma'aikatan jirgi kaɗan.

Shekarar agana

A 1733 sarki ya sake shawara ya ci gaba da tallafa wa aikin. A wannan shekarar kuma 'yan mishan uku na ikilisiyar Morabiya suka iso daga Jamus, suka kafa mazauninsu kusa da Godthåb. Su da Egede ba su jitu ba a kan koyarwa, suka yi ta musayar wasiƙu masu zafi alhali suna maƙwabtaka. Amma wani abu mafi muni ya sauko daga jirgi a shekarar. Wani yaron Inuit da aka kai Kofanhagan ya dawo ɗauke da ciwon agana.

Jikin mutanen ƙasar bai taɓa sanin wannan ciwo ba. Ya bi ƙauyuka kamar wutar daji a 1733 da 1734. Masu gudu suka kai shi inda bai kai ba. Gidaje suka cika da gawa ba mai binnewa, wasu ƙauyuka suka zama kufai, da yawa daga cikin yaran da Egede ya yi wa baftisma ya koya musu karatu suka mutu. Wahalar shekara 12 ta narke a gabansa, kuma ya san cewa ta hanyar da shi ya buɗe ne ciwon ya shigo. Wannan ya ci masa rai ƙwarai.

A nan ne muka ga wani Egede dabam. Shi da Gertrud suka buɗe gidansu, suka cika shi da majinyata da marayu. Suna wanke miki, suna ba da abinci a baki, suna zaune kusa da masu mutuwa. Shi da ɗansa suna bin ƙauyuka suna binne waɗanda danginsu suka gudu suka bari. Mutanen da wa'azinsa bai motsa ba, waɗanda barazanarsa ta kora, suka ga baƙo yana yi musu abin da nasu suka ji tsoron yi. Abin da ya kasa faɗa da harshensu, hannuwansa da na matarsa suka faɗa.

Gertrud ta biya da ranta. Ƙarfinta ya ƙare, ta yi ta jinya har ta rasu ranar 21 ga Disamba 1735. Egede ya faɗa cikin baƙin ciki mai nauyi, jikinsa ma ya raunana. A 1736 ya yi wa'azin bankwana daga Ishaya 49:4, inda bawan Ubangiji yake kukan cewa ƙarfinsa ya tafi a banza, amma ya bar sakamakonsa a hannun Allah. Ya shiga jirgi da gawar matarsa, ya binne ta a Kofanhagan. Bai ƙara ganin Girinlan ba.

Abin da ya tsiro bayansa

Bai ajiye aikin ba. A Kofanhagan ya buɗe makarantar koya wa masu tafiya mishan harshen Girinlan, a 1740 aka sa shi shugaban aikin mishan na ƙasar, a 1741 kuma ya buga littafi a kan ƙasar da dabbobinta da al'adun mutanenta. Ya yi ritaya a 1747, ya rasu ranar 5 ga Nuwamba 1758 a garin Stubbekøbing, yana da shekara 72.

Girbin ya fara ne bayan tafiyarsa, kuma wani sashe nasa ya faɗo a gonar waɗanda ya yi jayayya da su. A 1738 wani mutum mai suna Kajarnak ya ji ɗan mishan na Morabiya yana karanta labarin wahalar Yesu a Getsamani, abin ya soke shi a zuciya, aka yi masa baftisma a 1739. 'Yan Morabiya suka gane cewa labarin gicciye ya fi dogon bayani kan halitta da shari'a shiga zuciya. A ɗaya gefen kuma Poul Egede ya ɗauki aikin mahaifinsa: ya fid da ƙamus a 1750, littafin nahawu a 1760, da Sabon Alkawari cikin harshen Girinlan a 1766. Yaron da ya koyi harshe a wurin wasa shi ya ba al'umma Maganar Allah a bakinta.

Daga nan aikin ya koma hannun 'yan ƙasa. A 1845 aka buɗe makarantar horar da malaman ikilisiya a Nuuk, kuma waɗannan malamai, masu kama da masu bishara na ƙauyukanmu, su ne suka koya wa jama'a karatu da rubutu da waƙoƙin sujada cikin harshensu. A 1861 aka fara buga jarida da harshen ƙasar. Al'ummar da take karatu da harshenta ba ta rasa muryarta. A 1953 Girinlan ta daina zama ƙasar mallaka ta zama yanki na Danmak. A 1979 ta sami mulkin cikin gida, a 1985 ta fita daga ƙungiyar kasuwar Turai saboda batun kamun kifi, wanda shi ne babban arzikinta. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 2008, ta sami cin gashin kai ranar 21 ga Yuni 2009. Tana da majalisar dokoki mai kujeru 31 da gwamnati tata, harshenta shi ne harshen hukuma, tana aika wakilai 2 majalisar Danmak. Danmak ce ke riƙe da tsaro da harkokin waje da kuɗi, tana kuma ba da tallafi kowace shekara, amma doka ta amince cewa mutanen Girinlan suna da ikon zaɓar cikakken 'yanci in sun ga dama. Da shugaban Amurka Donald Trump ya nuna sha'awar mallakar tsibirin a 2019 da kuma 2025, shugabannin ƙasar suka amsa cewa makomarta a hannun mutanenta take. Ikilisiya ma ta tsaya da ƙafarta. Mafi yawan jama'a 'yan Lutheran ne, kuma a 1995 aka naɗa 'yar ƙasa, Sofie Petersen, bishop.

Gidan dutsen da aka gina a 1728, inda Egede ya zauna, yana nan a Nuuk, gwamnati tana karɓar baƙi a cikinsa. Mutum-mutuminsa yana tsaye a kan tudu yana duban teku. A watan Yuni 2020 wasu suka watsa masa jan fenti, suna cewa alama ce ta mulkin mallaka. Aka yi ƙuri'a, masu son a bar shi suka rinjaya. Jikokin mutanen da ya yi wa hidima suna tuna jinyar, ba su kuma manta da bulalar ba.

Abin da ya rage mana

Wannan labari bai yi nisa da mu ba kamar yadda taswira take nunawa. Daga ƙasar Danmak ɗin nan ne Dokta Niels Brønnum ya iso Numan a 1913, bayan ya binne matarsa a hanya. A Garkida, inda aka yi sujada ta farko a gindin tsamiya ranar 17 ga Maris 1923, Stover Kulp ya binne matarsa Ruth a 1924. Bangaskiyar da muka gada ta zo mana ta hannun mutane masu rauni da kuskure, kuma kaburbura ne suka yi mata shinge.

Iyaye, ku dubi Poul da Niels. Aikin da uba ya kasa, 'ya'yan da suka tashi cikinsa suka gama. Abin da yaranmu suke gani a gida, da yadda muke maganar maƙwabtan da ba addininmu ɗaya ba, shi ne irin da za su shuka. Mata na zumunta, ku dubi Gertrud, wadda ba ta hau bagade ba amma da ba dominta ba da aikin ya mutu a shekara ta biyu. Mu duka kuma mu dubi bambancin da ke tsakanin shekarun barazana da shekarar agana. Tsawa da raini ba su kawo ko mutum ɗaya wurin Almasihu ba. Ƙofar da aka buɗe wa majinyaci ita ta buɗe zukata.

Mu a Maiduguri mun san kufai. Tun daga 2009 mun ga majami'u da aka ƙone, da ikilisiyoyin da suka watse, da fastocin da suka yi shekaru suna gini suka wayi gari ba tumaki. A Satumba 2024 ruwan Alau ya shiga gidajen Kirista da Musulmi bai tambayi sunan kowa ba, kuma a kwanakin nan an ga wanda ya buɗe ƙofarsa. Wataƙila akwai mai karanta wannan da yake ji kamar Egede a ranar bankwanarsa. Manzo Bulus ya tuna wa Korintiyawa cewa mai shuka dabam, mai ban ruwa dabam, girma kuwa daga Allah yake. Egede ya mutu bai ga ƙasar da kusan kowane ƙauyenta yake da wurin sujada ba, amma tana nan.

Ubangiji ya ba mu haƙurin tsayawa inda ya sa mu, ya tsare mu daga zafin rai da girman kai, ya sa hannuwanmu su yi shaidar da bakinmu yake yi. Amin.